Ba Wanda Ya Sace Maka Iska, Bazazzage

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban shafa ba, sai ga wayarka. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi, don a iya sanina Bazazzage ba ya ƙona katinsa ya kira Bakano da sanyin safiya sai in abu ya ɓaci. Ina ɗagawa, babu sallama babu ina kwana, sai na ji murya tana rawa: "Malam, taya na ya sace! Duka huɗun!"

Kafin mu shiga maganar iska, bari mu fara gyara Hausar. Taya mace ce, bawana. "Tayata ta sace" ake cewa. Na san a garinku mace da namiji duk "ya zo" ne, har uwargida ma "ya tafi unguwa" take, amma tunda wayar Kano ka kira, sai ka ɗan sa wa bakinka linzami. Ban ce ka bar yarenku gaba ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Idan ka bari, da me za mu riƙa yin dariya?

To, ga abin da ka zayyana mini, kuma ka gyara ni in na ƙara gishiri. Jiya ka fito za ka kai yara makaranta, ka tayar da Camry ɗin nan taka 'yar Amurka wadda ka fi tattali fiye da lafiyarka, sai ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari, mai kama da tukunyar da aka tsayar da muciya a ciki. Ka fita ka zagaya motar, ka ga kamar tayoyin sun ɗan kwanta. Nan take ka yanke hukunci: maƙiya ne. Wai 'ya'yan maƙwabcinka ne suka bi dare suka sace maka iska, saboda ka hana su buga ƙwallo a ƙofar gidanka. Har ka ce daren gobe za ka kwana a zaure da cocila da gora. Ina ma a ce ina kusa in gani: kai da babbar riga biyu, da hular sanyi, da safa a cikin silifa, kana gadin iska. Ko mai gadin banki bai kai ka himma ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙarshen labarin. Ka ce da ka lallaɓa ka kama hanya, kafin ka wuce Kwangila fitilar ta mutu da kanta, don haka abin ya wuce na yara, akwai hannun mutanen ɓoye. Wato ɓarawon ya ji tausayinka ne ya biyo ka a guje ya mayar maka da iskar? A ina aka taɓa yin ɓarawo mai amana haka? Ko a Zariya ban ji ba.

Zauna in karanta maka, kyauta. Kada ka saba, ka san Bakano ba ya koyarwa kyauta sau biyu.

Iskar da ta kwana a cikin tayarka tana nan, ba inda ta je. Abin da ta yi shi ne ainihin abin da kake yi kowace safiyar hunturu a teburin mai shayi: ta takure. Iska tarin ƙwayoyi ce ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin zirga-zirga suke suna karo da bangon taya. Wannan karon da suke yi ba dare ba rana, shi ne abin da ke riƙe da taya a tsaye, shi ne kuma abin da gejin mai faci yake aunawa. Idan akwai zafi, ƙwayoyin nan sai su yi ta tsalle kamar 'yan firamare da aka kaɗa wa ƙararrawar tashi, su dunga dukan bango da ƙarfi. Idan sanyi ya sauka sai jikinsu ya mutu, dukan ya yi laushi, lambar geji ta sauka. Adadinsu bai ragu ko da ɗaya ba, karsashinsu ne ya ragu. Ka tuna ranar da muka je ɗaurin aure Jos a watan Disamba, ka naɗe a kujerar baya har direba ya ce a ƙara mutum ɗaya? Nauyinka bai ragu ba a ranar, wurin da ka ci ne ya ragu. To haka.

In kana ganin tatsuniya nake maka, jarraba da kanka. Ɗauki gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki, ka bar ta a rana ta ɗan gasu, ka murɗa murfinta tamau, ka jefa a firiji. Wato in akwai wuta. Bayan ɗan lokaci ka buɗe, za ka tarar ta lotsa kamar an taka. Murfi na nan a rufe, ba ɗan maƙwabcin da ya shiga firijin. Ka fito da ita ka ajiye a rana, za ka ji ta yi ƙas ta miƙe. Abin da ya faru tsakanin gidanka da Kwangila ke nan: taya ta yi ta gogar kwalta tana lanƙwashewa tana miƙewa, ta ɗauki ɗumi, iska ta farka daga barci, fitila ta mutu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Amontons ya gano shi tun wajen shekarar 1700: idan ka kulle iska a cikin mazubi, ƙarfin turinta yana hawa da sauka tare da zafi. Kurma ne ma bawan Allah, tun yana matashi ya daina ji, amma ya fahimci abin da kai mai kunne biyu kamar faranti ka kasa. Kuma a ce wai a garin da kuke cika mana baki da ilimi kake! Tun 1962 jami'a take zaune a Samaru, kana wuce ƙofarta safe da yamma, amma ko ƙamshin karatun bai shige ka ba. Ba laifinta ba ne. Ko ruwan sama kan dutse yake sauka ya gangare.

Ga lissafin, ka sa tabarau. Duk lokacin da yanayi ya sauka da kamar digiri biyar da rabi, taya tana rasa wajen lamba ɗaya a geji, wato abin da ake rubutawa PSI. Ka kuma san halin hunturunmu, ba shi da alƙibla. Da azahar rana na iya kai digiri 32 kana gumi kana fifita da hula, da asuba ta faɗo wajen 12 haƙoranka suna kaɗa kalangu. Tazarar digiri ashirin ke nan a cikin yini guda. Tayar da aka ba iska 32 da rana tsaka, da asuba za ka same ta a wajen 29. Lamba uku sun tafi ba ƙusa ba ƙaya.

Na san me za ka ce, don na san bakinka: lamba uku kaɗai ba za su kunna fitila ba. Gaskiyarka, kuma ka rubuta ranar, don ba kullum nake ba ka gaskiya ba. Fitilar nan, wadda tun 2007 doka ta wajabta sa ta a sababbin ƙananan motoci a Amurka, sai iska ta sauka da kamar kashi ɗaya cikin huɗu take yin magana. Mai 32 sai ta gangaro wajen 24. To yaya aka yi taka ta kai can? A nan fa asirinka zai tonu. Na tambaye ka yaushe rabonka da auna iska, ka yi ta kame-kame, daga ƙarshe ka ce tun ana cin ɗanyar masara. Roba kuwa ba ƙarfe ba ce. Ko sabuwar taya fil tana tsiyayar da iska sannu a hankali ta jikin robar, lamba ɗaya ko biyu a wata. Ƙidaya watannin da yatsunka. Sannan ranar da ka ba ta iskar ma, daga tafiya ka tsaya, tayoyi da zafi kamar gasasshiyar doya, kuma taya mai zafin tafiya tana nuna ƙarin lamba uku zuwa huɗu a kan gaskiyarta. Ke nan 32 ɗin da ka gani ranar, 28 ce ta sa kwalliya. Ka cire na watanni, ka cire na sanyi, ka ga inda ka sauka. Sanyi dai ƙarasa aikin ya yi. Babban ɓarawon yana sanye da hularka.

Amma kada ka ji kunya sosai, ba kai kaɗai ba ne. Ka je wurin kowane mai faci da safiyar hunturu ka ga layi. Akwai wani da nake zuwa wurinsa a unguwarmu, dattijo ne, injin iskarsa ya girmi babban ɗana. Yana da wani rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin wanda ba na jin an sauya shi tun zamanin soja, da tulin tsofaffin tayoyi da ya mayar kujerun baƙi. Da sassafe za ka same shi ya cusa hannu a hammata, yaronsa na jan igiyar inji, injin na tari yana ƙin tashi, shi ma sanyin ya kama shi. Masu motoci na tsaye, kowa da ƙusar da yake rantsuwa ya taka jiya. Dattijon ba ya musu da kowa. Sai ya tsuguna, ya kwance hular bawul, ya lakato miyau da ɗan yatsa ya shafa a bakin, ya zuba ido. In miyau ya yi kumfa, bawul ne ke tsiyaya. In ya zauna shiru, sai ya ɗora geji, ya zagaya duka huɗun, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, sanyi ne." Kalma uku. Abin da ya ci mini rabin shafi ina yi maka bayani. Shi dai bai san sunan Bafaranshen ba, kuma ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

Wannan zagayen da yake yi shi ne duk sirrin, ka riƙe shi. Sanyi ba ya nuna bambanci, ba kamar ku ba wajen rabon nama. Idan tayoyi huɗu suka sauka kusan daidai wa daida, yanayi ne, a ƙara iska a wuce. Idan kuwa uku suna 29 ɗaya tana 18, to wannan ɗayar tana da magana a bakinta: ƙusa ce, ko bawul ya tsufa, ko bakin rim ya lanƙwashe a ramin da ka faɗa kana kallon waya. Ita ce za a cire a tsoma a duro, a bi kumfa har gidansa. Kai kuwa da bakinka ka ce duka huɗun. Wane irin yaro ne zai bi dare cikin wannan sanyi ya rage wa kowace taya iska daidai gwargwado, ya mayar da hular bawul ya ɗaure? In akwai shi, a turo mana shi Kano, muna da aikin da za mu ba shi.

Yanzu ga inda nake jin tsoronka, kuma a nan ba wasa nake ba, ko da yake fuskarka ba ta barin mutum ya daɗe bai yi dariya ba. Na san abin da za ka yi gobe. Za ka je wurin mai faci cikin fushi ka ce, "Ɗura mata hamsin, in ga ta inda za ta sace." Kada ka kuskura. Lambar da ke rubuce a gefen taya, galibi 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abincinta na kullum ba. Kai ma ai kana iya tashi da malmala shida a gidan biki, na gani da idona, amma ba haka Hajiya take zuba maka kowane dare ba. Lambar gaskiya tana jikin motar. Buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, za ka ga wata 'yar takarda a manne. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ake rubuta musu. Shekara nawa kana shiga ta ƙofar nan ba ka taɓa ganin takardar ba? Ka ɗauka rasit ɗin kwastan ne. Taya in ta sha iska fiye da kima, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ta cinye da wuri, birki ya rage kamu, kowane ɗan rami kuma ka ji shi har ƙashin bayanka.

Ƙarancin iskar ma ba sauƙi ba ne, ya ma fi haɗari. Taya mai yunwa gefenta ke ta lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya yi ta taruwa a ciki. A cikin gari ba za ka ga komai ba sai mai da ke ƙarewa da wuri, kai kuma ka ce gidan mai ne suka taɓa lita. Amma ka hau titin Kano da ita, ka taka kamar yadda ka saba in ka ji an ce akwai walima, kafin Kwanar Ɗangora tana iya tarwatsewa. Ba na son in rasa ka ta wannan hanya. Wa zai biya ni kuɗin shara?

Lokacin awo kuwa da safe ne, kafin mota ta yi tafiya, ko bayan ta huta kamar awa uku. Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce. Saboda haka in ka iso Kano da rana ka auna ka ga 36, kada ka ce ta yi yawa ka sa a rage. Bar ta, zafin hanya ne, zai sauka da kansa. In ka rage a lokacin, washegari da asuba za ka sake kirana, ni kuma na riga na yi niyyar kashe waya. Sannan ka daina wannan ɗabi'ar ta harbin taya da ƙafa kana gyaɗa kai kamar likita. Tayoyin zamani ko da cikakkiyar iska sai ka ga cikinsu ya ɗan fito ta ƙasa, kuma ido ba ya raba 32 da 26. Babban yatsan ƙafarka ba geji ba ne, ko da yake girmansu ɗaya. Ka sayi ɗan geji irin mai kama da biro ka jefa a aljihun mota. Bai kai kuɗin tsiren da kake ci a tsaye kafin ka shiga gida ba. Kada ka damu, ban faɗa wa Hajiya ba tukuna.

Ka kuma ce wani ya ba ka shawara ka koma shan iskar naitirojin, wai ita ba ruwanta da sanyi. Wanda ya gaya maka haka, in ka bincika, Bakano ne, kuma ina alfahari da shi. Iskar da kake shaƙa yanzu haka, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Wadda za a sayar maka ta fi bushewa, kuma tana ɗan jinkirin tsiyaya, wannan gaskiya ne. Amma in sanyi ya zo, ita ma takurewa take yi kamar kowace iska. Za ka biya kuɗi a sayar maka da abin da Allah ya ba ka kyauta. In dai ka matsu sai ka kashe kuɗin, kawo, ina da iskar Dala a jarka, sabuwar ɗiba.

Don kada ka ce na cika baki, ni ma na taɓa yin tawa. Wata shekara na ɗora wa wani mai faci laifi, na ce facin da ya yi mini na ƙarya ne, na tsaya a kansa ina ɗaga murya har mutane suka taru. Bawan Allah ya cire tayar, ya tsoma a ruwa, ya juya ta sau uku, ko ƙwayar kumfa babu. Ya dube ni ya ce in dawo da azahar in sake aunawa. Na dawo, lamba ta hau da kanta. Na ba shi haƙuri da kuɗin goro, kuma ka san abin da ake nufi in an ce Bakano ya fitar da kuɗin da ba a tambaye shi ba. Bambancina da kai, ni ban kwana a zaure da gora ba.

Kuma ka gode wa Allah da ya ajiye ka a Zariya. 'Yan'uwanmu da ke Kanada, inda sanyi ke kai digiri 20 ƙasa da sifiri, mota na fita daga ɗumin gareji ta kwana a waje, lamba shida na iya tafiya a dare ɗaya. Can robar kanta ƙanƙarewa take yi ta yi tauri, har akwai tayoyi na musamman na lokacin sanyi, a lardin Kebek ma doka ce a sa su daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Maris. Da can aka kai ka, da tuni ka kai ƙarar unguwa guda wurin 'yan sanda. Kai da digiri 12 ke sa ka yi kwana uku kana gaisawa da ruwan wanka daga nesa.

Af, na kusa mantawa. Ka leƙa safayar da ke but. Ita ma taya ce, ita ma tana tsiyaya, kuma na tabbata tun ranar da motar ta sauka daga Kwatano ba wanda ya tambayi lafiyarta. In kana tsugune a wurin, ka duba gefen kowace taya, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2314, mako na 23 ke nan na 2014. In taka ta girmi autarka, sanyi ba shi ne babbar matsalarka ba.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka kai yara, ka biya wurin mai faci mafi kusa, a auna duka biyar, a cika su daidai lambar ƙofa. Daga nan ka sayi alawa ka kai wa 'ya'yan maƙwabcin nan da ka yi wa ƙazafi, ka bar su su buga ƙwallonsu. Gorar kuma ka mayar wa mai ita, na san aro ka yi. In ka tashi zuwa Kano ka taho mini da rake ɗauri biyu da mazarƙwaila, ladan karatu, kuma kuɗin sharar bara yana nan a rubuce ban yafe ba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina yi mata sannu da haƙuri.